Agogon Uwar Garke

Ranar Alhamis bayan la'asar, a wani bene a PZ,
na ce da manaja, Alhaji Ɗanladi: ba ni awa biyu.
Awa biyu!
Baki ya yanka mini rigar da ba zan iya sawa ba.

Kwamfuta talatin da bakwai gare su:
sha biyu a nan, tara a siton Dakace,
saura a Samaru da Tudun Wada,
kowacce da halinta, kamar awakin unguwa.
Aikina in girka manhaja ɗaya a uwar garke
ta zame musu makiyayi,
ta ƙirga su da safe, ta san mai tari,
ta aika musu magani ba sai na hau acaɓa ba.

Girki ya tafi sumul har kashi casa'in da ɗaya.
Nan ya toge.
Jan rubutu ya fito a allo, layi guda:
ba a amince da takardar shaida ba.

Na goge na sake, na sake na goge.
Na bi ƙofofin katangar tsaro ina turawa
kamar mai zagayen ganuwa,
daga Ƙofar Doka har Kuyambana,
babu wadda ke kulle.
Na sauya kalmar sirri har ta farkon ta ɓace mini.
Na zargi waya, na zargi ɓera,
na zargi Ishaya da ya yi saitin bara
ya koma Kafanchan bai bar ko ƙyallen takarda ba.

Magariba ta yi, aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi kaki sau uku kafin ya kama.
Tsirena ya huce, mai ya daskare a jarida.
Kundin kurakurai layi dubu huɗu,
ina bi da yatsa, ina tsintar tsakuwa a shinkafa.
Masu manhajar suna can inda gari ke wayewa yanzu,
suka ce in yi haƙuri, kwana uku na aiki.

Ɗaya saura kwata Baba Tanimu maigadi ya shigo
da shayi a kofin silba.
Bai san boko ba, lamba kawai yake karantawa.
Ya tsaya bayana yana hura nasa kofin,
can ya ce: Injiniya, agogon naku lafiya?
Ya ce dubu biyu da sha biyu.
Ai shekarar da aka haifi Ramlatu ke nan,
ga ta yanzu tana sakandare.

Na kai ido kusurwar allo.
Awa tara ina kallon tsakiya.

Ashe uwar garke tana zaune a shekarar da ta wuce tuntuni.
Ta yaya za ta yarda da takardar
da a lissafinta ba a rubuta ba tukuna?
Batiri ne, ɗan mitsitsi, bai fi maɓallin riga ba,
ya mutu a cikinta ba wanda ya yi masa ta'aziyya.
Duk ɗauke wuta sai ta manta ranar duniya.

Da safe mai gyaran agogo a bakin kasuwar Sabon Gari
ya ciro mini sabo da ɗan hantsaki,
naira ɗari biyar, bai ko ɗago kai ba.

Na sa. Na daidaita lokaci. Na danna.
Casa'in da biyu. Ɗari.
Suka fara amsa kira, kore bayan kore,
Dakace ta shigo, Samaru ta biyo,
talatin da shida.

Ta ƙarshen tana Tudun Wada,
Asabe mai kuɗi ta zare ta daga soket
tana cajin wayarta.

A rahoto na rubuta: an gyara saitin lokaci.
Babu gurbin sunan maigadi a fam ɗin.
Na saya masa goro na dubu,
ya ce da na bar shi, haƙoran sun ƙare,
in dai ina so, in duba masa rediyo.